Wai me ya sa sitocin tsofaffin gonakin Amurka ja ne?

Ɗan_Tambaya: Salam 'yan uwa, don Allah me ya sa a hotunan tsofaffin gonakin Amurka za ka ga gidan manomin ɗan madaidaici, amma siton dabbobi da ciyawa da ke gefensa ja wur kuma ya ninka gidan girma? Ado ne ko da dalili?

Injiniya: Wa'alaikumussalam. Ba ado ba ne malam, araha ce ta ja su. Fentin da ake haɗawa da jar ƙasa mai tsatsar ƙarfe ya fi kowanne sauƙin kuɗi, ga shi yana hana katako ruɓewa. Ko a Suwidin haka ne, jan fentinsu daga mahaƙar tagulla ta garin Falun ake samo shi.

Hajiya_Mairo: Batun girma kuwa hunturu ne ya jawo ɗan uwa, dusar ƙanƙara ta rufe makiyaya wata da watanni dole ka tara ciyawar da za ta kai dabbobi har ƙarshen sanyi. Ni dai sitocin jihar Pensilbaniya sun fi burge ni, waɗanda Jamusawa da 'yan Suwizalan suka fara ginawa a ƙarni na 18, a jikin gangare suke kafa shi yadda keken doki zai bi ta tudu ya shiga benen sama kai tsaye a sauke ciyawa, shanu na ƙasa, in lokacin ci ya yi sai dai a turo musu kawai. Dabara kenan wallahi.

Injiniya: Hajiya ai na Ingila sun girme su nesa, na Harmondsworth kusa da filin jirgin Heathrow tun wajen 1426 yake tsaye, kuma da turakun katako aka haɗa ginshiƙansa.