Mace mai kamar maza, kwari ne babu

Maman Walida (Jidda): Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya muka yi sa-in-sa da yayana. An ɗauki 'yata a ƙungiyar ƙwallon makarantarsu, ta dawo da murna tana nuna riga, sai kawun nata ya ce, "Mace mai kamar maza, kwari ne babu!" Yarinya ta ɓata rai. Shi ya rantse yabo ya yi. Ni kuwa har yanzu maganar tana ci mini rai.

Alhaji Na-Karantina: Wa alaikumus salam. Yabo ne mana, Hajiya. Ai Sarauniya Amina ma "mai kamar maza" ake ce mata.

Ummu Sadik: To Alhaji, don me sai an auna ta da namiji? Sarah Attar ta yi tseren mita 800 a Landan a 2012, ita ce ta ƙarshe, amma 'yan kallo suka miƙe suna tafa mata. Ita da Wojdan Shaherkani ne matan Saudiyya na farko a Olamfik. A mace ta je, a mace aka girmama ta.

Ɗan Takari: Matan Saudiyya kam, kwarin hana su aka yi. Sai 2017 aka yarda da darasin motsa jiki a makarantun gwamnati na 'yan mata, shigar mata filin wasa don kallon ƙwallo kuwa sai Janairun 2018. Ga shi Ashleigh Plumptre tamu ta Super Falcons, ƙungiyar ƙwallon matan Najeriya, ta zo ƙungiyar Ittihad ta Jidda a 2023.

Hajiya Babba (Makka): Ku bari in ba ku labarin kakarmu, Allah ya jiƙanta. Da ƙafa suka taso daga ƙasar Haɗeja, ita da mijinta. Suka ratsa Chadi, suka yada zango a Mai Wurno ta ƙasar Sudan tana cirar auduga don kuɗin jirgin ruwa. A can mijin ya kwanta ciwo. Ita ta goya mahaifiyata, ta ɗora tukunya da tabarma a ka, ta riƙo shi har tashar jirgin ruwa ta Sawakin. Tafin ƙafarta duk faso ne, muna yara mukan sa yatsa a ciki tana dariya. In namiji ya yi mata wannan kirarin, sai ta ce, "Wane namijin? Nuna mini shi in gani."

Ummu Sadik: Allahu akbar! Allah ya kai rahama kabarinta.

Hajiya Babba: Amin. Ko a Safa da Marwa, in ta ga maza na sassarfa sai ta ce gudun Nana Hajara suke kwaikwaya.

Ɗan Takari: Ban da manyanmu masu zuwa goman ƙarshe, su a keke ake tura su.

Alhaji Na-Karantina: Amma in an ciyo kofi su ne a gaba wajen hoto. A 2016 sai da Super Falcons suka ƙi barin otal a Abuja a kan haƙƙinsu.

Malam Tela: Ni a garinmu macen da ta gagari miji ake wa wannan kirari.

Maman Walida: Ka ji wata sabuwa kuma! To ni me zan gaya wa yayana?

Hajiya Babba: Ki ce ya saya mata takalmin ƙwallo tukuna. Malam Tela, wai ina ɗinkina?