Mujalla na neman dala 2,000 kafin ta buɗe bincikena, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni likitar yara ce mai neman ƙwarewa. Na yi bincike kan yara masu sikila a asibitinmu, wata mujallar Turai ta karɓa. Sai suka ce in ina son kowa ya karanta kyauta, in biya kusan dala 2,000. In ba haka ba su buga su kulle, mai so ya saya. Albashina bai kama ƙafar wannan kuɗi ba. Ga kuma wata mujallar ta turo imel, wai za ta buga cikin kwana 5 a dala 100. Don Allah me kuke gani?

Malamin jami'a: Wa'alaikumussalam Likita. Ta dala 100 ɗin nan kada ki kuskura. Ba a tantance aikin kimiyya a kwana 5, kuɗinki kawai suke so, kuma masu duba ƙarin girma na iya watsar da takardar. Ki nemi sunanta a DOAJ, wato jerin buɗaɗɗun mujallun da aka tantance a intanet, da wuya ki gan ta. Ta farkon kuwa, ki rubuta musu ki nemi su yafe kuɗin, ki ce babu mai ɗaukar nauyin binciken. An fi nema tun lokacin turawa, amma gwada.

Ma'aikaciyar laburare: Ƙanwata, kafin ki sa hannu, karanta yarjejeniyar da kyau. Mujallu da dama suna barin marubuci ya ajiye kwafin da aka amince da shi a rumbun jami'arsa na intanet, kowa ya karanta kyauta, wasu bayan wata 6 ko 12. Nan gaba ki leƙa shafin intanet na AJOL, mujallun Afirka ne, da yawansu a buɗe. Hinari, shirin samun mujallun lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta kafa a 2002, na karatu ne ba na bugawa ba, kuma ta hannun asibiti ko jami'a ake shiga.

Jami'in lafiya: Ni dai ina roƙon kada ki bari a kulle binciken nan. Tun 1982 wata takarda a mujallar Turai ta yi gargaɗin cewa akwai alamun Ebola a Laberiya. Annoba ta ɓarke a 2014, daga baya jami'an lafiyar ƙasar suka ce ba su san da gargaɗin ba. Najeriya ce kan gaba a yawan masu sikila a duniya, likitocinmu ne suka fi buƙatar aikinki.

Mai tambaya: Allah Ya saka da alheri. Malam, wasiƙar yafiyar, ni zan sa hannu ko shugaban sashenmu?

Malamin jami'a: Ke za ki rubuta, shi ya haɗa miki da takardar shaida mai hatimin sashe.