Yaya zan haɗa sautin waya da rediyon Accord 2004 ba tare da na cire shi ba?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Honda Accord ƙirar 2004, wadda ake kira EOD, 'yar Amurka ce. Rediyonta na asali ne, faifan CD kawai yake ci, babu Bluetooth, babu ramin AUX, ko wurin kaset babu. Ni kuma karatu da wa'azin da nake saurare duk a waya suke.

Na sayi ɗan abin nan da ake sokawa a wurin kunna sigari yana aika sauti ta FM. A hanyar Zariya yana yi lafiya lau, amma da na shigo cikin Kano sai tashoshi su danne shi, sai shuuu. Ga shi rediyon Amurka tsallake yake yi, daga 88.1 sai 88.3, wuraren da babu tasha ba su da yawa. In kuma na saka caji, wani siririn kuka ke tashi, yana ƙaruwa duk lokacin da na taka totur.

Mai gyaran wayoyin lantarkin mota ya ce a cire rediyon a sa na Android. Ban yarda ba, domin maɓallan AC a jikinsa suke, kuma na ga motocin da aka yi wa haka aka ɓata musu gaba.

An ce akwai soket a bayan rediyon, na na'urar canza CD, da ake haɗa adafta a ciki. Wanda ya taɓa yi, sautin yana fita tsaf? Maɓallan sitiyari suna ci gaba da aiki? Kuma wannan kukan, daga caja yake ko matsalar ayan ce, wato wayar da ake haɗawa da ƙarfen jikin mota?