Neman shawara: ina son yin furojet kan robar da ke naɗe kanta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shekarar ƙarshe a sashen injiniyan kanikanci, kuma hankalina ya tafi kan kayan nan da ake shimfiɗawa kamar takarda, da zarar sun ji zafi sai su naɗe kansu su zama siffar da aka tsara musu, irin salon origami, fasahar naɗa takarda ta Japan. A 2014 masana daga jami'o'in Harvard da MIT na Amurka sun yi wani mutum-mutumi da ya haɗa kansa cikin kusan minti huɗu, ya kama tafiya. Malamin da ke duba aikina ya ce sai na kawo abin da za a gani da ido, ga shi aljihuna babu nauyi. In sayi wayar nitinol ne, wato wayar ƙarfen nan mai komawa siffarta idan ta ji zafi, ko ta ina zan fara?

Wani injiniya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ajiye batun nitinol tukuna. Gaskiya ne tana komawa siffarta idan ta ji zafi, amma kafin ka koya mata siffar sai ka gasa ta a zafin da ya kai kusan digiri 500 na ma'aunin Celsius, ga tsada. Shi kansa mutum-mutumin da ka ambata da takarda aka yi shi, da robar polistirin mai tsukewa idan ta kai digiri 100. Samo murfin robar abinci mai haske, wanda aka buga lamba 6 cikin alamar kusurwa uku a gindinsa, alamar polistirin ke nan. Yanka shi, ja baƙin layi inda kake son gaɓa, ka haska masa fitilar infrared, wato fitila mai ba da zafi. Baƙin ya fi shan zafi, sai wurin ya riga sauran tsukewa, robar ta lanƙwaso ta ɓangaren tawadar. Michael Dickey da Jan Genzer sun nuna wannan a jami'ar North Carolina State a 2011.

Wata malama: Ɗana, a waje ko kusa da taga za ka yi, don Allah. Hayaƙin robar ba shi da kyau, kuma in ka bar fitilar ta daɗe, duka robar za ta dunƙule.

Wani ɗalibin digiri na biyu: Yaya injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai naɗewa kaɗai ba za ta gamsar da masu jarrabawa ba. Auna wani abu. Ja layi mai faɗin milimita 1, da 2, da 3, ka rubuta kusurwar da kowanne ya bayar, domin faɗin layin ne ke juya girman lanƙwasar. A gabatarwa ka kawo naɗin Miura, wani salon naɗa takarda wanda Koryo Miura ya ƙirƙiro, Japan ta gwada shi a faifan sola na wani tauraron ɗan Adam a 1995.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yaya, baƙin alƙalamin maka ya wadatar, ko dole sai tawadar firinta?

Injiniyan: Fara da maka, ka maimaita layin har ya yi baƙi ƙirin. Firinta ta fi ba da faɗi daidai, ita za ka nema lokacin awo.