Tayar titi ta narke min a Brands Hatch, wacce zan saya kafin in fara shiga tsere?

Bakano_Kent:
Salam 'yan uwa, don Allah masu harkar mota a taimaka min da shawara. Ina zaune a Ingila, bara na sayi tsohuwar Mazda MX-5 ta 2001 mai inji 1.8, da ita nake zuwa aiki kuma da ita na fara shiga filin tsere irin ranakun da ake buɗe wa kowa ya biya kuɗi ya zagaya. Sau biyu na je Brands Hatch, ƙaramin zagayen nan na Indy da bai wuce mil 1.2 ba. Zuwa na biyu da na ɗan fara sakin jiki ina shiga kwanar Paddock Hill da ƙarfi, bayan kamar zagaye shida sai na ji motar ta fara min kamar ina tuƙi a kan sabulu, da na fito na duba sai ga gefen tayar gaba ta hagu ya cinye ya yi dunƙule-dunƙule kamar an gasa roba a murhu, sauran ukun kuma lafiya lau. Girman da ke kai 195/50R15 ne. Niyyata baɗi in shiga sifirint, wanda mota ɗaiɗai ke fita ana duba agogo. Wani bature a wurin ya ce in sa Toyo R888R, wani ya ce Nankang NS-2R ta fi sauƙin kuɗi, a intanet kuma kowa Yokohama A052 yake yabo, ni dai kaina ya ɗaure. Kuma rim saiti ɗaya gare ni.

Alhajin_Birki:
Wa alaikumus salam ƙanina. Tukuna, ajiye katin bankinka. Wace gasa za ka shiga, kuma wane aji? Don a nan Ingila ba kai ke zaɓen taya ba, takardar dokar gasa ce ke zaɓa maka. Motorsport UK, hukumar da ke kula da tseren mota a nan, suna da jerin tayoyin da suka yarda da su, akwai 1A na tayoyin titi zalla, akwai 1B na irin waɗannan masu ɗanko da kake lissafowa, wani ajin 1A kaɗai yake karɓa, ka je da ta 1B masu duba mota su cilla ka ajin mutanen da suka kashe kuɗin gida guda a kan motarsu. Ka nemo takardar ka karanta kafin komai.

Sannan abin da ya faru da tayarka ba laifin tayar ba ne kaɗai. Indy kusan duk kwanonin dama ne, Paddock, Druids, Clearways, to nauyin motar kullum kan gaba ta hagu yake sauka, shi ya sa ita kaɗai ta ji jiki. Kuma na tabbata alaimen ɗin kamfani ne a motarka, ƙafar a tsaye take cak, in ka kwanta a kwana sai taya ta naɗe ta koma tafiya a kan kafaɗarta. Ka kai wa masu alaimen su kwantar maka da saman ƙafafun ciki, kamba kenan, ka ce su ba ka iyakar abin da za su iya samu a gaba, in ya kai wajen digiri 2 ya yi kyau. In ba ka yi wannan ba ko wace taya ka sa haka za ta cinye, sai dai wannan karon mai tsada ce za ka ƙona.

Iska nawa ka sa, kuma ka auna bayan ka fito da zafinta?

Bakano_Kent:
Alhaji wallahi ban auna ba, da safe dai na sa PSI 32 a gidan mai na shige.

Alhajin_Birki:
To ka ji. 32 a sanyi, in ta yi zafi za ta iya hawa 38 ko sama, tsakiyar tayar ya kumbura, abin da ke taɓa kwalta ya ragu, ga sabulun da ka ji nan. Ka sayi ma'aunin iska naka na kanka ka jefa a mota, kana fitowa kafin ma ka cire hular kwano ka zagaya ka auna duka huɗun, ka sauke su dawo wajen 30 zuwa 32 da zafinsu, ka rubuta a littafi. In za ka koma gida da yamma kuma kar ka manta ka mayar da iskar, don in sun huce za su yi ƙasa sosai.

SaniTexas:
Bari in sa baki daga Amurka. Mu nan abin da muka fi yi otokuros ne, a jera robobi a babban filin ajiye motoci ka bi cikinsu, minti ɗaya an gama, to ya yi kama da sifirint ɗinku. A ajin motocin titi na SCCA, ƙungiyar tseren mota ta nan Amurka, doka ita ce lambar da ke gefen taya bayan kalmar TREADWEAR kar ta gaza 200, shi ya sa kamfanoni suke ta gasar yin taya mai lamba 200 da ke kama ƙasa kamar gam: Bridgestone RE-71RS, A052, Falken RT660, Hankook RS4. Amma kar lambar ta ruɗe ka, kowane kamfani shi ke lika wa tayarsa, 200 ɗin wannan ba 200 ɗin wancan ba ne. A052 daga kwanar farko ta riga ta kama, ba ta jiran zafi, aibinta shi ne laushi gare ta tana saurin ƙarewa musamman in babu kamba. RS4 kuma ba ta kai ta kamu ba amma jimiri gare ta, masu tseren awa da awanni ita suke so.

Abin da nake so ka lura, abu biyu daban kake haɗawa. Zagaye na minti 15 ko 20 taya mai jure zafi yake so, sifirint kuma daga sanyi kake tashi, kafin taya irin R888R ta ɗumama sosai wataƙila har ka tsallaka layin ƙarshe, balle a sanyinku na watan Afrilu. Ni a Texas matsalata akasin haka ce, ruwa muke fesa wa taya tsakanin fita da fita don ta huce.

Mai_Totur:
Ku dai kuna ta lissafi haha. Ɗan uwa ka nemi gwanjon silik, mara zane gaba ɗaya, masu gasa suna sayarwa da arha bayan sun yi amfani da su sau ɗaya ko biyu, ka sa ka ga yadda mota ke manne wa ƙasa. Rai dai guda ne a more shi

Hajiya_E36:
Mai Totur Allah ya shirye ka, yaro ya ce rim ɗinsa saiti ɗaya ne kuma da motar yake zuwa aiki, silik zai hau titi da ita? A ƙasar nan zanen taya in ya gaza milimita 1.6 tarar tana iya kaiwa fam 2,500 da maki 3 a lasisi, kuma a kan kowace taya ɗaya ake lissafi, huɗu kenan lasisi ya tafi. Ban da haka wasu masu shirya ranakun fili ba sa ma barin mota mai silik ta shiga in babu ƙarfen kariya a cikinta.

Maganar gwanjo kuma ni na ɗanɗana. Da na fara, halinmu na gida na sayen taya 'yar Beljiyam ya biyo ni, na ga wani yana sayar da semi-silik huɗu, wato masu ɗankon nan da ke da ɗan zane, zanensu kamar sabo, na yi murna na kwaso. Ashe sun shekara bakwai, kuma an gasa su an huce ba adadi, robar ta ƙandare kamar busasshen ganda, a filin tseren Donington da ɗan yayyafi na juya sau biyu na tsaya ina kallon inda na fito, Allah ya sa ciyawa ce ba bango ba. Irin wannan tayar ba zane ke fara mutuwa ba, ɗankon ne, duk zafi da hucewa yana rage mata wani abu. Ko sabuwa za ka saya ka duba lambobi huɗun ƙarshe bayan DOT a gefenta, misali 2323 yana nufin mako na 23 na shekarar 2023.

Kuma ƙanina in faɗa maka abin da ba ka tambaya ba, wanda ya je fili sau biyu bai kamata ya yi tsalle zuwa taya mafi ɗanko ba. Tana ɓoye maka kurakuranka, ka shiga kwana ba daidai ba ta riƙe ka kana jin kai gwani ne, ranar da za ta saki kuma gudunka ya fi na da kuma ba ta yi maka dogon kuka kamar tayar titi. Sannan in kamu ya ƙaru birki ne zai fara shan wahala, sai ka canza takalman birki da man birki mai jure zafi, sai shokozoba ta ce ita ma ga ta. Ni da ni ce kai NS-2R ko RS4 zan sa in shekara a kansu, kuɗin da ya rage in biya malamin tuƙi ya zauna gefena na rabin awa, yawancin filayen nan suna da su. Amma ko su ka bi a hankali in ruwa ya kwanta a babban titin M25, ba sa kore ruwa kamar tayar titi.

SaniTexas:
Hajiya ta gama magana, sai dai ni zan ƙara da cewa rim 15 mai ƙusa huɗu irin na motarsa, 4x100, ba ya wahalar samu na hannu. Saiti na biyu zai raba shi da rabin wannan ciwon kan, kuma in faɗin rim ɗin inci 7 ne 205/50R15 ma za ta zauna.

Bakano_Kent:
Allah ya saka da alheri gaba ɗaya. Na sauko da takardar gasar da nake hari na karanta, ashe ajin motar da ba a taɓa komai a jikinta ba 1A kawai suke karɓa, kenan duk ukun da na lissafo sai na sake dubawa ko ma suna ciki, da tuni na yi asara. Asabar zan kai alaimen, ma'aunin iska kuma na riga na yi oda. Hajiya na ji maganar malami, zan yi a filin tseren Snetterton wata mai zuwa in sha Allah. Saura rim, in na samu na biyun a ina mutane ke saka tayoyi huɗu a MX-5, don but ɗin ko jakar shinkafa biyu da ƙyar yake ɗauka?

Alhajin_Birki:
Ɗaya a kujerar fasinja ka ɗaura mata bel, sauran ka roƙi wani mai babbar mota cikin abokanka ya biyo ka, ka saya masa shayi.