Na juya kuɗin ajiya na ci riba, ribar ta waye?

Telan Shari' Mansur:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a Makka. Bara ɗan kawuna zai koma Kano jinyar mahaifiyarsa, ya miƙo min riyal 12,000 a cikin ambulan, ya ce "Yaya riƙe min sai na dawo." Ba takarda, ba shaida, sai Allah. Wata biyar kuɗin na ƙasan akwatin zare. Da azumi ya matso na ga yadin jallabiya da araha a Jidda, na zari 8,000 na saro. Kafin Sallah kaya sun ƙare, uwar kuɗi ta koma ambulan, ga riba 1,900. Yanzu yana hanya. Ko riyal ɗaya nasa bai yi ciwon kai ba, amma na kasa barci. Ribar nan tawa ce ko tasa?

Malamin Zaure:
Wa alaikumus salam. Asali hannun mai ajiya hannun amana ne: da ɓarawo ya sace ba da sakacinka ba, ba ka biya. Ranar da ka buɗe ambulan ka fita daga wannan inuwar, da yadin ya ƙone kai za ka biya. A kan haka Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin fiƙihun Malikiyya, ta ce kasuwanci da kuɗin ajiya makaruhi ne, riba kuma ta wanda ya juya ce, tunda asarar ma a wuyansa take. Hanbaliyya, da aka fi bi a nan Saudiyya, suna ba mai kuɗin ribar.

Dillalin Bab Makka:
Malam ya gama magana. Ƙari kawai: dokar mu'amaloli ta Saudiyya da ta fito a 2023 ta hana amfani da ajiya ba izinin mai ita. Ba don kotu nake faɗa ba, ɗan uwanka ne.

Hajiyar Karantina:
Ɗana, ba 1,900 ce ta hana ka barci ba. Wata biyar kuna gaisawa a WhatsApp, me ya hana ka tambaye shi? Ka san me zai ce, shi ya sa. Ni an taɓa juya min kuɗin adashi haka, an dawo da su cif, amma a bakin wata na ji labarin. Ban ƙara ba wadda ta juya kuɗin ko tsinke ba.

Telan Shari' Mansur:
Hajiya kin taɓa inda ke ciwo. Zan ajiye masa ambulan biyu, in faɗa masa komai kafin ya sha shayi. Jirginsa Alhamis.