Dahab ta Masar: waɗanda suka san garin, ku zo mu haɗa bayani

Malam Habibu:
Assalamu alaikum. Ɗalibanmu na Azhar da 'yan kasuwa masu zuwa Alƙahira suna yawan tambaya a kan Dahab, garin masu nutso da ke gaɓar Mashigin Aƙaba a kudancin Sina'i. Duk wanda ya san wurin ya kawo abin da zai amfani mai niyyar zuwa. Ni zan fara da hanya. Motar bas daga Alƙahira takan ci awa takwas zuwa tara, ta bi ta ramin Ahmad Hamdi da ke ƙarƙashin mashigin Suwez. Shingayen bincike suna da yawa, wani lokaci a sauke kaya gaba ɗaya, don haka fasfo da takardar zama su kasance a aljihu, ba cikin akwati ba. Mai zuwa ta jirgi a Sharm el-Sheikh zai sauka, daga nan kusan kilomita 90 ne, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna.

Alhaji Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a shiga ruwa gara a san yadda garin ya tashi, domin tarihin ne ya yanka masa fasalin da yake da shi yau. Asali zangon Larabawan daji ne 'yan ƙabilar Muzaina, masu kamun kifi da renon dabino, kuma unguwarsu ta Asala tana nan a arewacin gari. Tun kafin zuwansu, Nabatawa, wata tsohuwar al'ummar Larabawa 'yan fatauci, sun yi tashar jiragen ruwa a wurin, kufanta na nan a killace a unguwar Mashraba, mutane na wucewa ta gefensa ba su ma lura ba. Isra'ila ta mamaye Sina'i a 1967, a zamanin ne aka shimfiɗa titin gaɓa, matasa masu yawon jaka a baya suka fara zuwa suna kwana a bukkokin ganyen dabino. Bayan yarjejeniyar sulhu ta 1979 aka mayar wa Masar yankin a 1982.

Daga nan hanyar Dahab da ta Sharm el-Sheikh ta rabu. Manyan kamfanonin otal suka tattara a Sharm el-Sheikh saboda filin jirgi, Dahab kuwa ta ci gaba da ƙananan masaukai, gidajen abinci a bakin ruwa da shagunan nutso. Shi ya sa har yau ta fi araha, kuma mutum zai iya zaga tsakiyarta a ƙafa. Ta sha wahala ma: bama-bamai uku sun tashi ranar 24 ga Afrilu 2006, mutum fiye da 20 suka rasu. Sai faɗuwar jirgin Rasha a Sina'i ranar 31 ga Oktoba 2015 da mutum 224, abin da ya sa Rasha da Ingila suka dakatar da jiragensu zuwa Sharm. Ingila ba ta janye ba sai 2019, Rasha sai 2021. Masarawan cikin gida ne suka riƙe kasuwar garin a waɗannan shekaru.

Kyaftin Bala:
Madalla, Alhaji. Abin da ya bambanta Dahab da sauran wuraren nutso na Bahar Maliya shi ne ba sai da jirgin ruwa ba. Murjani, wato duwatsun da ƙananan halittun teku ke ginawa a cikin ruwa, yana manne da gaɓa, a-kori-kura ce za ta kai ka da kayanka, ka saɓa silindar iskar shaƙa ka taka cikin ruwa. Wannan sauƙin ne kuma yake ruɗin mutane, domin taku kaɗan daga inda ake shan shayi ƙasa take yankewa. Mashigin Aƙaba kansa ya haura mita 1,800 a wuri mafi zurfi.

Sabon shiga ya fara da wurin nutson da ake kira Lighthouse a tsakiyar gari. Yashi ne mai gangara a hankali, tudu ya kare shi daga iskar arewa, a nan ake koyar da kusan kowa. Kwas ɗin farko yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu, takardarsa mita 18 ta yarje maka. Mataki na biyu mita 30. Iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya mita 40 ce. A tambayi shago lasisinsa na CDWS, hukumar da ke sa ido a kan harkar nutso a Masar, kafin a biya ko sisi.

Ruwan nan ya fi yawancin tekuna gishiri, kusan kashi 4 cikin ɗari, don haka yana ɗaga mutum sama. Wanda ya koya a wani wuri yakan buƙaci ƙarin kilo ɗaya ko biyu na dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu don a nutse. A gwada nauyi tun ranar farko, in ba haka ba silinda tana yin sauƙi a ƙarshen nutso mutum ya kasa tsayawa a zurfin mita 5 na minti uku da ake buƙata kafin a fito, don jiki ya rage naitirojin ɗin da ya tara. Ɗumin ruwa kusan digiri 21 ne a Fabrairu, 27 zuwa 28 a Agusta. Da hunturu rigar roba mai kaurin milimita 5 ce mafi ƙaranci, kuma sanyin gaske a waje yake kama mutum, lokacin da iska ta bugi jiƙaƙƙen jiki.

Hajiya Rabi:
Kyaftin, a tuna da mu da ba ma ɗaukar silinda. Gilashin fuska da bututun shaƙa sun isa a ga kifi iri-iri a Lighthouse, da Three Pools a kudu, da Eel Garden inda wasu siraran kifaye ke tsaye cikin yashi suna lilo. Eel Garden sai ranar da babu iska kuma ruwa ya cika, domin mashigarta 'yar siririya ce, igiyar ruwa na maka mutum a kan murjani. Takalmin roba dole ne saboda ƙayar teku da kifin dutse. Idan kifin dutse ya soki mutum, a tsoma wurin cikin ruwan zafi iya wanda fata za ta jure, a wuce asibiti. Mata kada su damu da batun sutura, doguwar rigar iyo mai ɗankwali ba baƙuwa ba ce a wurin, Masarawa da yawa ita suke sawa. Ruwan famfo kuwa na wanka ne kawai, na sha sai na gora.

Malam Habibu:
Kyaftin, kowa Blue Hole yake tambaya. Shin wurin haɗari ne ko suna ne kawai ya yi?

Kyaftin Bala:
Duka biyun, Malam. Rami ne mai kama da rijiya a cikin murjani, kusan kilomita 10 arewa da gari, zurfinsa ya haura mita 100. Ta ɓangaren teku akwai wani ɗan kwari mai zurfin mita 6 zuwa 7 da ake kira Saddle. Hanyar da aka saba bi ba ta da matsala ga mai takardar mita 30: a shiga ta Bells, wani tsagi a jikin dutse da ke sauka zuwa kusan mita 26, a bi bango yana hannun dama, a riƙa haurowa a hankali, a shiga ramin ta Saddle, a fito ta gaɓa.

Mai kisan shi ne Arch, ƙofar da ta huda bango daga cikin ramin zuwa buɗaɗɗen teku. Samanta yana wajen mita 55, tsawonta kusan mita 26. A wannan zurfin matsin ruwa ya kai ninki shida da rabi na na sama, wato silinda mai lita 12 da za ta kai mutum kusan awa guda a ruwa mara zurfi cikin 'yan mintuna za ta ƙare. Ga mayen naitirojin da ke farawa tun wajen mita 30, mutum ya ji daɗi ya daina duba agogonsa. Ruwan garau yake, sai ƙofar ta yi kamar kusa, ga shi sau da yawa ruwa na turowa daga waje. Wanda ya kuskure bakinta yakan ci gaba da sauka yana nema, kuma daga mita 60 da wani abu iskar oksijin da ke cikin silinda ita kanta ta zama guba, tana iya jawo farfaɗiya. Allunan tunawa da mamata suna nan a jikin dutse a hanyar Bells. Arch ta masu horon zurfi ce, da silinda fiye da ɗaya da iskar da aka gauraya da hiliyom. Duk jagoran da ya ce zai ratsa da kai da silinda ɗaya, ka bar shagonsa.

Injiniya Musa:
Gaskiya ne, Yallaɓai. A Dahab ɗin nan ne Ahmad Gabr, Bamasare, ya sauka mita 332 a Satumban 2014, kundin bajinta na duniya na Guinness ya rubuta masa. Saukar ba ta kai minti ashirin ba, hawowar ta ci fiye da awa goma sha uku. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda wahalar nutso take. Akwai ɗakin matsin iska na jinyar masu nutso a Dahab da kuma Sharm, amma jinyar da tsada, a yanki inshorar nutso tun kafin a shiga ruwa.

Alhaji Ɗanjuma:
Mutanenmu da yawa ba don kifi suke zuwa ba, don Jabal Musa ne, dutsen da jama'a da dama ke ɗauka shi ne Ɗuri Sina. Tafiyar kusan awa biyu ce a mota daga Dahab. Tsayinsa mita 2,285. Ana fara hawa wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare tare da jagora ɗan ƙabilar Jabaliya, a yi awa biyu da rabi zuwa uku. Raƙumi yana rage hanya, amma matakala 750 na ƙarshe sai da ƙafa. Akwai ɗan masallaci da ɗan coci a ƙololuwa. Sanyin can ba wasa ba ne, da hunturu har ƙanƙara takan sauka, a tafi da rigar sanyi da tocila. A gindin dutsen gidan ibadar Kiristoci na Santa Katarina yake, ginin ƙarni na 6 zamanin sarkin Rumawa Justiniyan, da masallacin zamanin Faɗimawa a cikin harabarsa. Da safe kawai ake buɗewa, kuma ba kowace rana ba, a tambaya tukuna.

Kyaftin Bala:
Alhaji, a nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa. Garin Santa Katarina kansa ya haura mita 1,500, don haka hawa can bayan nutso daidai yake da shiga jirgin sama, domin matsin iska yana raguwa a sama. Naitirojin ɗin da ya rage a jiki zai iya yin kumfa a jini, ciwon gaɓoɓi ya biyo baya ko shanyewar jiki. Ƙa'ida ita ce kafin a hau sama a jira awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso da yawa, masu hankali kan cika awa 24. Masu sayar da tikitin yawo ba sa tambaya ko ka shiga ruwa ranar. A fara da dutse, a huta, sannan a shiga teku.

Hajiya Rabi:
Ranar ƙarshe da ba a nutso kuwa ta dace da Ras Abu Galum, gandun kare halittu da ke gaba da Blue Hole, wanda aka killace tun 1992. Titin mota a Blue Hole ya ƙare, daga nan sai ƙafa ta bakin ruwa kusan awa ɗaya da rabi, ko raƙumi, ko ƙaramin jirgin ruwa, duwatsun Saudiyya na tsallaken ruwa ana hango su. Ana biyan kuɗin shiga, a riƙe tsabar kuɗi da fasfo, a ɗauki ruwan sha da yawa. In iska ta tashi da yamma jiragen sukan ƙi fita, don haka a yi shirin dawowa a ƙafa tun da sauran rana.